Ƙorafi Kan Hukuncin Ƙone Kwale-kwalen Nélida Giraudo

Daga:
Evaristo Pedernera,
Lamba 14, Titin Los Molles,
Villa Cañada Mansa, Lardin Córdoba.

Litinin, 4 ga Disamba, 2023.

Zuwa ga:
Mai girma Injiniya Griselda Ceballos,
Shugabar Kwamitin Kula da Tafkin Cañada Mansa,
Ofishin Madatsa, Villa Cañada Mansa.

Game da: Hukunci mai lamba 31/2023, wanda ya ɗora alhakin shigowar ƙumba tafki a kan kwale-kwalen La Porfiada, ya kuma ba da umarnin a ƙone shi ranar 15 ga Disamba.

Ranki ya daɗe,

Ina miƙa gaisuwa da ladabin da kujerarki ta cancanta. Sunana Evaristo Pedernera, shekaruna saba'in da huɗu. Na riƙe laburaren garin nan shekara talatin da takwas kafin in yi ritaya, kuma ni ne mijin marigayiya Nélida Giraudo, wadda ta koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare har ƙarfinta ya ƙare. Na san kin san mu duka biyu. Na gabatar da kaina ne saboda fayil, domin na lura fayil ɗin ofishinku yana manta mutane da wuri.

Na rubuto ne in kai ƙorafi a kan hukuncin da aka ambata a sama, in kuma roƙi a dakatar da shi kafin ranar Juma'a 15 ga wata. Zan jera dalilaina da lamba, yadda ofisoshi ke so, kuma zan yi ƙoƙari in tsaya a kan ranaku da abin da ido ya gani. Inda na kasa, a yi wa tsoho uzuri.

1. Ranar Talata 14 ga Nuwamba, ma'aikatanku da ke duba bututun da garin nan ke shan ruwa ta cikinsa suka ga ƙumba manne a bakinsa. Ina nufin ƙumbar ruwan nan mai ɓawo biyu, ruwan ɗorawa, wadda takardunku ke kira mejillón dorado, wadda ta cika kogin Paraná, wadda in ta shiga tafki ba ta fita, sai dai ta yi ta hayayyafa a kan 'yan'uwanta har ta toshe bututu kamar an zuba masa siminti. Washegari aka bi jiragen da ke ɗaure a tafki ɗaya bayan ɗaya, aka sami guda arba'in da bakwai a ƙarƙashin La Porfiada. Ban musa wannan ba.

Ranar Alhamis 16 ga wata na sauko bakin ruwa da safe kamar kullum, na tarar babu kwale-kwalen, sai guntun igiya yana lilo a jikin turke. Ba a aiko mini ba, ba a ƙwanƙwasa ƙofata ba, alhali gidana yana kallon wurin. Igiyar ma yanka ta aka yi. Ƙullin da ke jikinta irin wanda ake warwarewa da ja ɗaya ne. Matata ta koya wa rabin garin nan shi, ashe karatun bai kai ga ma'aikatanku ba.

Ranar 23 ga wata aka liƙa hukuncin a ƙofar majalisar gari, aka kuma karanta shi a rediyo sau uku, tsakanin hasashen yanayi da sakamakon ƙwallo. Ya ce ƙumba ta shigo tafkinmu ne ta hanyar kwale-kwale mai lamba CM-008, mallakin Nélida Giraudo. Sunanta ne ke kan rajistar har yau. Sau biyu na je ofishinku da takardar mutuwarta a aljihu domin a mayar da shi sunana, sau biyu na dawo da ita a ninke. Da na san abin da za a yi da wannan layin, da na daure.

Ba a kira ni a ji ta bakina ba, kafin hukuncin ko bayansa. Wadda ta fara yi mini maganarsa ita ce Doña Herminia mai gidan burodi, a gaban layin mutane. Ta ce, "Don Evaristo, ashe a gida ake kiwon abin? Shi ya sa Malama ta san halinsa haka." Aka yi dariya. Na karɓi burodina na fita.

2. Ba sai na tuna miki wadda ta rubuta dokar da aka hukunta mu da ita ba, amma zan tuna wa fayil. A shekarar 2003 matata ta dawo daga wurin 'yar'uwarta a Santa Fe da kwalbar jam cike da ƙumba, ta dire ta a kan teburin aji ta ce wa ɗalibanta su dubi abin da zai raba garin nan da ruwan famfo. Ke ce yarinyar da ta nemi aron kwalbar ta kai gida ta nuna wa mahaifinta. Kin dawo da ita ranar da kika ce, abin da ban cika gani ba a sana'ata.

Shekara goma sha uku Nélida ta yi tana zuwa zaman majalisar gari da wannan kwalba a jaka. A 2016 suka gaji suka sa hannu. A kan teburin kicin ɗinmu aka rubuta dokar, ita tana faɗi, ni ina sa waƙafi. Duk jirgin da ya taɓa wani ruwa, a wanke shi da ruwan zafi, a tsiyaye shi har ɗigon ƙarshe, ya bushe kwana biyar, sannan a ɗaura masa hatimi ya shiga. Sashe na tara ya hana a zuba wa tafki ruwan wani wuri, ko da kofi ɗaya ne, domin 'ya'yan ƙumba ido ba ya ganinsu, kuma a cikin ruwan da ya fi kowane haske suke tafiya. Sashe na goma sha ɗaya ya ce wanda ya ga an karya doka bai faɗa ba cikin kwana biyu, ya yi tarayya a laifin. A kan sashe na tara masunta suka sa mata suna Doña Bokiti. Tana amsawa, har takan sa hannu da shi a katin Kirsimeti.

Ranar da aka binne ta kin yi jawabi a bakin kabari, kin ce muddin kina kan wannan kujera aikin Malama ba zai faɗi ƙasa ba. Kin ba ni takardar jawabin, tana nan a ajiye. Akwai kuskuren rubutu biyu a ciki, na gyara su da fensir. Sauran na ɗauka daidai ne.

3. La Porfiada, wato mai taurin kai, kwale-kwalen katako ne da mahaifin matata ya ƙera a 1971, ya sa masa sunan halin 'yarsa. Ba shi da inji, filafilai biyu ne kawai. Tun da aka tura shi ruwa bai taɓa ɗanɗana wani ruwa ba sai na Cañada Mansa. Turkensa yana taku talatin daga gangaren da kulob ɗin masunta ke sauke jiragensa. Sauran jiragen na roba ne, ana fitar da su duk mako, su bushe a gareji. Shi kuwa tun rasuwarta ranar Lahadi kawai nake kwance shi, sauran kwanakin yana tsaye wuri ɗaya, katakonsa a jiƙe. In ƙumba na neman masauki a wannan kusurwa, shi za ta fara samu. Abin da aka gani a jikinsa shaida ce ta inda yake tsaye, ba ta inda ya je ba.

Ma'aikatanku jirage suka duba, ba su duba abin da ba ya motsi ba. Ranar 26 ga Nuwamba na naɗe wando na shiga ƙarƙashin gadar katakon kulob, na shafa ƙafafunta da hannu. Cikin minti biyar na cika tafi biyu. Ban san gadar ta taɓa zuwa Paraná ba, amma wataƙila akwai wanda zai shaida ya gan ta a kan tirela.

4. Hukuncin ya dogara ne a kan shaidar mutum ɗaya, Don Rufino Altamirano, shugaban kulob ɗin masunta, wanda kuma kwamitinku ya damƙa wa tashar wanki da littafin shiga da fitar jirage. Ga abin da ya rubuta, na kwafo shi daga ƙofar majalisa: "Na shaida cewa ranar 9 ga Afrilu, 2022, an fitar da kwale-kwale CM-008 daga tafki a kan tirela, an dawo da shi ranar 18 ga Yuni, kuma ba a rubuta fitarsa ko komowarsa a littafi ba."

Ranki ya daɗe, babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan. Na yi rayuwata cikin littattafai, na karanta shaidun zur iri-iri, amma ban taɓa ganin wadda aka gina da gaskiya zalla haka ba. Ga abin da aka bari a waje.

A watan Afrilun 2022 matata ba ta iya sauka daga gado. Likita ya riga ya gaya mana abin da zai gaya mana. Wata safiya ta ce tana son ganin kwale-kwalen, kuma fentinsa ya shekara uku ba a sabunta ba, ta san ni, in ba a gabanta ba ba zan yi shi da kyau ba. Ba ni da mota, ban taɓa koyon tuƙi ba, garin nan kowa ya sani. Wanda na kira shi ne Rufino Altamirano, abokina tun muna aji uku na firamare, uban baftismar 'yarmu, mutumin da shekara arba'in ba na kiransa da komai sai compadre. Motarsa ce, tirelarsa ce, shi ya tuƙa. Tafiyar mita ɗari huɗu ce, daga gangare zuwa tsakar gidana, ƙarƙashin tagar ɗakinta. Da muka zo wucewa ta tashar wanki na ce ya tsaya a rubuta, domin in ta ji ba a rubuta ba za ta tashi daga gadon ta kashe mu. Ya yi dariya ya ce, "Haba, Ɓeran Laburare, komai sai an rubuta? Littafin a hannuna yake, jirgin a bayana yake. Wa zan gaya wa, kaina?"

Mako bakwai na yi ina kankarewa ina shafa fenti, tana kallona ta taga tana gyara mini. Takan ƙwanƙwasa gilashi da zobenta ta ce, "Evaristo, ka tsallake wuri. Wannan ba littafi ba ne da za ka karanta farko da ƙarshe ka ce ka gama." Rufino yakan zo da yamma da fulas ɗinsa, mu sha mate, shayin ganyen nan namu, a kan kifaffen jirgin, ya miƙa mata ƙoƙon ta taga duk da ba ta iya haɗiya. Ta rasu ranar Alhamis 2 ga Yuni. Shi ne ya riƙe hannun gaba na dama na akwatin gawarta. Ranar 18 ga wata shi ya mayar da jirgin ruwa, da motar nan dai.

Kwana saba'in ke nan a kan busasshiyar ƙasa, a garin da dokarsa ta nemi kwana biyar. Wanda ya shaida cewa ba a rubuta ba shi ne mai alƙalamin.

5. Ko da an ƙi duk wannan, ƙumbar da kanta tana da shekarunta a jikinta. Na roƙi mai gadin ma'ajiyar majalisa ya bar ni in ga waɗanda aka ɓamɓaro daga jirgin. Babbar cikinsu ba ta kai ƙwayar wake ba. Matata ta bar littattafan awo guda goma sha ɗaya, inda ta rubuta girman ƙumba wata-wata, kuma bisa awonta irin wannan ba ta wuce wata bakwai ko takwas ba. Da a ce tun Yunin 2022 ta shiga, da yanzu ta kai gaɓar yatsa. Ba na neman a yarda da lissafin mai laburare. Ke injiniya ce, kuma ita ta koya miki riƙe ma'auni. A ƙirga wata bakwai baya daga tsakiyar Nuwamba, a ga inda za a sauka.

6. Za a sauka a Afrilun bana, watan gasar kamun kifin pejerrey ta kulob, ranakun 29 da 30. Jirage ɗari da arba'in suka zo, fiye da rabinsu daga garuruwan bakin Paraná. Dole in yi adalci: an wanke su. Na ga tururi yana tashi a tashar wanki tun ranar Litinin, na ga hatimi a hancin kowane jirgi, an ɗauki hotuna an liƙa a allon kulob. Ba wanda ya buɗe bayan mota. A nan bokitan koto suke, ƙananan kifin mojarra masu rai, kowanne yana iyo a cikin ruwan kogin da aka kamo shi, domin duk masunci zai gaya miki mojarra ba ta rayuwa sai a ruwan gidansu.

Kin san tsohuwar al'adar rufe gasa. In an auna kifi an gama, shugaban kulob ya busa usur, kowa ya ɗauki bokitinsa ya je bakin ruwa, a juye ragowar koton gaba ɗaya. Suna cewa tafki ya ba su, su ma sun ba shi, kuma kifin da ya tsira daga ƙugiya bai kamata ya mutu a bokiti ba. Ban raina al'adar ba. Tausayi ne, kuma mahaifina ma ya yi. Ita ce Nélida ta tsaya a kai har aka daina a 2016, takan kafa kujerarta a gangare duk ranar rufe gasa, da ganga a gefenta, kowa ya juye ruwansa a ciki yana gunaguni. Ko a Afrilun 2022, tana kwance, ba su yi ba, domin tagarta tana kallon gangaren.

Bana ce gasa ta farko da tagar take a rufe. Da ƙarfe biyar da rabi na yammacin Lahadi 30 ga Afrilu, Rufino Altamirano ya busa usur. Mutum fiye da ɗari suka juye ruwan Paraná a taku talatin daga La Porfiada, aka yi tafi, wani ya ɗaga kwalbar giya ya ce a sha don Doña Bokiti.

Na san kin iso da ƙarfe shida domin miƙa kofin gasa. Ban ce kin ga sakin ba. Bokitan dai suna nan a kife a jere suna tsanewa, tun daga bakin ruwa har zuwa rumfar gashin nama, kuma ta tsakaninsu kika bi zuwa dandamali.

7. Yanzu na zo inda hannuna ba ya son rubutawa. Ina wurin. Ina tsaye kusa da Rufino da ƙoƙon mate a hannu lokacin da ya sa usur a baki. Na kama hannun rigarsa na ce, compadre, sashe na tara. Ya ɗago wani bokiti ya nuna mini ya ce, "Dubi, ruwa ne kawai, garau, ka ga wani abu a ciki? Bar mutane su ji daɗi sau ɗaya. Da Neli tana nan ma, a ƙarshe dariya za ta yi." Ba za ta yi ba, kuma mu biyun mun sani. Na saki rigar.

Doka ta ba ni kwana biyu in kawo rahoto ofishinku. Na rubuta shi ranar Litinin, shafi ɗaya. Ranar Talata na sa shi a aljihu na fito, na kai har ƙofar madatsa, sai na tuna wanda ya riƙe hannun gaba na dama. Na ce wa kaina wataƙila sanyi ya riga ya shigo, 'ya'yan ƙumbar ba za su rayu ba. Na san ba haka ba ne, ni na buga mata jadawalin zafin ruwa da keken rubutu. Na koma gida na sa takardar a cikin littafin awonta na ƙarshe. Na yi wata bakwai ina gaishe da Rufino, ina cin gashin namansa duk Asabar.

Na sha karanta tarihin garuruwa masu ganuwa, ina mamakin mai gadin da ya ga an buɗe ƙofa ya juya baya. Na daina mamaki.

8. Ranar Asabar 25 ga Nuwamba, bayan na karanta shaidarsa, na je gidansa da rana. Yana gyaran fatsa a baranda. Na tambaye shi abu ɗaya, me ya sa bai rubuta wanda ya tuƙa motar ba. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba su tambaye ni ba." Na ce to yanzu ni na tambaya. Sai ya ajiye fatsar ya ce, "Zauna, compadre, ka ji. In aka ce gasar ce, sun rufe tafkin shekara uku. Masaukan baƙi su mutu, masu ci da kamun kifi su mutu, ni kuma a jefe ni a titi. Neli ta riga ta tafi, ba abin da zai ƙara samunta. Jirgi ne fa, katako. Zan ba ka nawa na roba ka riƙa yawo ranar Lahadi, ya ma fi sauƙin tuƙi." Ya zuba mate ya miƙo mini. A shekara sittin da biyar wannan ne ƙoƙo na farko da ban karɓa daga hannunsa ba.

Na kawo maganarsa yadda ya faɗe ta, ba don a ji tausayina ba, sai don kwamiti ya ga yadda aka zaɓi mai laifi. An duba garin nan an nemi wanda ba zai iya amsawa ba. Ban sani ba ko kwamitinku yaudararsa aka yi, ko kuwa ya sami shaidar ta yi masa daidai bai so ya matsa ta ba. Ina fatan na farko ne. Ke kaɗai kika sani.

Kuma akwai abin da ya wuce ni da jirgina. In hukuncin ya tsaya a haka, fayil zai ce an gano ƙofar an rufe ta. A Afrilu mai zuwa za a wanke jirage ɗari da arba'in da ruwan zafi, a ɗauki hotuna, sannan a busa usur.

9. La Porfiada yana ma'ajiyar majalisa kwana goma sha takwas ke nan, a kan siminti, bakinsa sama, a zafin ranar Disamba, lokacin bazararmu. Katakon da ya shekara hamsin a ruwa ba a yi masa haka. Lokacin da yake gidana a inuwa yake, a kife, ina lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna duk tsakar rana. Jiya na leƙa ta waya na ga haske yana ratsa tsakanin katako na uku da na huɗu a gefen hagu. In aka ƙara mako ɗaya, ba sai kun wahalar da kanku da ashana ba. An kuma aiko mini takarda in miƙa filafilan domin a haɗa a ƙone. Suna bayan ƙofar ɗakinta. Sun bushe fiye da yadda doka ta nema.

Saboda waɗannan dalilai, ina roƙon kwamiti mai girma, cikin ladabi:

Na farko, yau ɗin nan, kafin a karanta sauran, a sa wani ya kife jirgin a inuwa ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. In babu mai yi, a buɗe mini ƙofa, ina da buhunan.

Na biyu, a dakatar da ƙonewar ranar 15 ga wata. Na yarda kada jirgin ya koma ruwa har abada in kwamiti ya ga hakan ya fi. Akwai wurinsa a ƙarƙashin taga.

Na uku, a auna ƙumbar da aka ɓamɓaro daga jikinsa a gaban shaidu, a gwada da ta ƙafafun gadar kulob, a gwada da littattafan awon da zan kawo duk ranar da aka ce.

Na huɗu, a kira Don Rufino Altamirano a yi masa tambayoyi biyu da ya ce ba a yi masa ba: wa ya tuƙa motar ranar 9 ga Afrilu, 2022, kuma wa ya busa usur ranar 30 ga Afrilu, 2023. Ba na neman a wulaƙanta shi. Ba ya ƙarya in an tambaye shi kai tsaye, wannan na shaide shi a kai har yanzu.

Na biyar, a sa mai duba bayan mota a tashar wanki kafin gasa mai zuwa, a kuma mayar da gangar Nélida gangare. Tana gidana, na dasa tumatir a ciki, zan tumɓuke.

Na shida, a cire sunan Nélida Giraudo daga ƙofar majalisa, a karanta gyaran a rediyo sau uku, a daidai lokacin da aka karanta na farko.

Na haɗa wannan takarda da abu biyu. Ɗaya rahotona ne mai kwanan wata 1 ga Mayu, 2023, wanda ya iso a makare da wata bakwai. Ɗayan kwalbar jam ce, cike da abin da na kankaro daga gadar kulob, na kashe su da barasa kamar yadda sashe na shida ya tanada. Za ki gane kwalbar. Wannan karon ba sai kin dawo da ita ba.

Na san kwamiti yana bukatar suna da zai liƙa a ƙofa, garin ma yana bukata. Sashe na goma sha ɗaya ya ce wanda ya gani ya yi shiru ya yi tarayya a laifin, kuma ni na sa waƙafin da ke cikin wannan jimla. Ina roƙon a zartar da shi a kaina ba tare da sassauci ba. A cire nata, a sa wanda ke ƙasan wannan takarda.

Ina jiran amsarki da haƙurin da ya rage mini, tare da girmamawa ga ofishinki.

Naki cikin ladabi,

Evaristo Pedernera
Tsohon mai kula da laburaren Villa Cañada Mansa,
mijin Nélida Giraudo.